Shekarar da na ƙi abincin Mma Ladi

Ku yarana, na san sunan da ake kirana da shi a bakin gota, wato kwata, idan na juya baya. Na san kun ji, don na ga Habiba ranar da ta dawo daga famfo idonta ya yi ja, ta ƙi gaya wa uwarta dalili. Mai Amai. Kusan shekara ashirin ke nan sunan yana bina, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin sun gaje shi daga bakin iyayensu. To ku zauna ku ji daga mai abin. Karatuna bai yi nisa ba, aji shida na tsaya, amma hannuna yana riƙe biro, kuma ba zan yi muku kwana-kwana ba. E, na yi amai a gaban mutanen Ankara, babban birnin Gana, a tsakiyar babban filin wasa, da rana tsaka. Amma akwai shekarar da ta biyo baya, ita ce ba wanda yake son bayar da labarinta a unguwarmu Nima.

Ni ban tashi da niyyar zama ɗan tsere ba. Fiɗa nake yi a mayanka, can bakin teku. Shekarun nan man fetur ya yi wuya a Gana, sai ka tsaya layin tirotiro, motar haya, tun da aka sallame asuba, rana ta fito ta same ka a tsaye. Idan ka makara kuwa wani ya ɗauki wuƙarka. Sai na daina jira. Ina sallamewa zan ɗaure wando, in gangara daga Nima, in bi titi da gudu har teku, ina wuce motocin da suka mutu a hanya ina yi wa yaran mota gwalo. Daɗin abin nake ji, wallahi. Ƙirjina kamar ba shi da ƙasa, duk iskar da na zuba sai ya karɓa. Wata safiya na lura wani tsoho baƙi mai furfura yana bina a keke, yana duban agogonsa yana dubana. Saje Kwate ke nan, ɗan ƙabilar Ga ne, tsohon soja, a bariki ya koyi Hausarsa.

“Kai, tsaya. Wanene kore ka?”

“Ba kowa, Baba. Aiki za ni.”

“Kullum kai gudu haka?”

“Kullum.”

“Gobe da yamma zo fili. Ni akwai agogo. Mu gani ko kai doki ne ko akuya.”

Na je. Shekara guda ina hannunsa. Shi ya koya mini cewa gudu ba a yin sa da zuciya kawai, ana raba shi kamar yadda ake raba naman sa: wannan na farko, wannan na tsakiya, wannan kuma ka ɓoye don ƙarshe. Mita dubu biyar ya zaɓa mini, zagaye goma sha biyu da rabi. Na cinye 'yan makaranta, na cinye 'yan sanda, na cinye wani ɗan jami'a mai takalmin ƙusa da ya yi mini kallon warin jini kafin a tashi. Sai aka sa ranar tankaɗe na ƙasa baki ɗaya. Mutum uku na farko za a ɗauka, a kai su sansani, a sa musu rigar Gana, su hau jirgi. Ni da ban taɓa wuce Nsawam ba. Kwana bakwai kafin ranar ko tafiya nake sai in ji ƙafata tana son tashi sama.

Yanzu sai in gaya muku gidanmu, don ba za ku gane sauran ba sai kun san shi. Gidan haya ne, ƙofa goma sha ɗaya, tsakar gida ɗaya. Akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli, akwai Moshi, akwai wata tsohuwar Bayarabiya, kowa da Hausarsa, kowa da tukunyarsa. Babbar gidan kuwa Mma Ladi ce, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni ina wata bakwai da uwata ta rasu. Ba ta haihu ba, ni ne ɗanta. Wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi, irin wanda masu mota suke zuwa tun daga Kanda su tsaya layi da kwanoninsu. Kuma gidan yana da al'ada: duk ɗan gida da zai fita babban abu, ko jarrabawa, ko neman aiki, ko tafiya, sai kowace ƙofa ta ba shi abin da zai sa a baki. Ba abinci ba ne kawai, albarka ce. Ka ƙi na wata, ka ce ba ka son addu'arta ke nan. An taɓa yin mata biyu da suka shekara ba sa gaisawa saboda wani ya ci masar ɗaya ya tsallake ƙosan ɗaya.

Saje Kwate ya ce mini, “Gobe ci kaɗan.” Na ce to. Kuma kaɗan na ci, a kowace ƙofa. Koko da ƙosai wajen matar Bazabarme tun da sassafe. Masa uku da zuma a ƙofa ta biyu. Bayarabiya ta kawo alale, ta tsaya a kaina sai da na lashe ganyen. Wagashi, cukun nono, soyayye. Dokunu, tuwon masara mai tsami, rabin dunƙule da kifi. Fura da nono mai sanyi daga matar wani Alhaji, ta ce ita ce ke sa ƙarfin gwiwa. Ana ta dariya, ana shafa mini kai, yara suna waƙa da sunana. Wajen sha biyu Mma Ladi ta fito da nata, a babban kwanon sha mai furanni wanda ba a fitarwa sai da salla: wake da shinkafa, taliya, ƙwai biyu, ganda, ga shito, soyayyen yaji, yana kwance a kai baƙi ƙirin.

“Mma, na ƙoshi.”

“Ka ci na Zabarmawa ka ƙoshi a nawa? Zauna. Mota ma sai an cika ta take tafiya Kumasi.”

Na zauna, na share shi tas. Ina miƙewa sai ga Malam Tanko, limamin ƙaramin masallacinmu, da rubutu cike da ƙwarya. Na yi bisimilla na shanye. Ƙarfe biyu da rabi za a tashe mu.

Ban taɓa ganin abin da ya kai ranar nan daɗi ba, har zuwa zagaye na shida. Rabin Nima da Mamobi sun zo. Mahauta abokan aikina sun zo da kalangu, suna can sama suna kiran sunana, Iliyasu, Iliyasu, sautin yana shiga ta tafin ƙafata. Bindiga na tashi na fice gaba. Saje ya ce in laɓe a baya, amma ina, kiɗa ya ɗauke ni. Zagaye ɗaya, biyu, uku, ina jin numfashinsu yana nisa a bayana. Na huɗu na ɗaga wa Mma hannu, na hango ta ta tashi tsaye da mayafinta kore. A na shida wani abu ya soke ni ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kamar tsinin wuƙata. Na danne da hannu na ci gaba. A na bakwai fura ta fara magana da dokunu. A na takwas mutum huɗu suka wuce ni a jere kamar ina tsaye. A na tara, daidai gaban rumfar manya, inda masu kwat da masu hular soja suke zaune, na durƙusa. Duk ƙofa goma sha ɗayan nan suka fito, ɗaya bayan ɗaya. Kalangu ya yi shiru. Sai dariya ta taso daga can gefe ta zagaye filin. Na tashi na ƙarasa, don Saje yana bakin layi yana cewa ko da rarrafe ne. Na zo na ƙarshe, masu share fili suna jira in wuce.

Wata uku ban sa ƙafa a fili ba. Na koma layin tirotiro kamar kowa. A mayanka idan na shigo sai wani ya riƙe ciki ya sunkuya, sauran su fashe. A gida kuwa ba wanda ya ce abinci ne. Baki ne, in ji su. Wani ya yi mini asiri, ɗan jami'ar nan ne, ko wata maƙwabciya mai hassada. Mma ta ce da ma ta ga na rame, ban ci sosai ba. Haushin duniya ya taru a wuyana, na rasa wanda zan sauke wa, sai na tafi wajen Malam Tanko bayan la'asar, na same shi yana gyaran alƙalami.

“Malam, rubutunka bai yi aiki ba.”

Bai ɗaga kai ba. “Me ka ci kafin ka sha?”

Na lissafa masa. Tun ina ƙofa ta biyar ya ajiye alƙalamin.

“Iliyasu, ni tsari na roƙa maka wajen Allah. Ban roƙa maka cikin raƙumi ba. Tun kuna allo muke gaya muku a bar wa numfashi wurinsa a ciki, ba ku ji. Allah Ya ba ka ƙirji, Ya ba ka ƙafa, Ya kuma ba ka kai. Biyu ka kai fili, ka bar na ukun a gida. Yanzu kuma kana so ka ce Shi ne bai cika alkawari ba?”

Na fita ina huci. Amma maganar ta zauna. Azumi ya kama ba da daɗewa ba, wata yamma kafin shan ruwa na ji ƙafata tana ƙaiƙayi, na ce bari in ɗan taɓa. Na bi ta Mamobi na shiga Kotobabi na ɓulla Alajo na dawo, ciki ba komai. Yarana, kamar an cire mini dutse daga ƙugu. Na iso ƙofar gida ana kiran magariba ina dariya ni kaɗai kamar sabon mahaukaci. Daga ranar wata irin tambaya ta kama ni, ta hana ni zama. Me ya sa? Wane abinci ne ke kwanciya, wane ne ke tashi? Awa nawa yake yi kafin ya sauka? A mayanka na shiga buɗe tumbin shanu ina dubawa, ina tambayar masu kawo su yaushe dabbar ta ci na ƙarshe. Suka ce Mai Amai ya zare. Ban kula ba. Bayan salla na koma wajen Saje, na ce ya ara mini agogonsa da kunnensa.

“Kai dawo? Yoo. Akuya ba ya dawo. To menene kai so?”

Na ce gwaji nake so. Hanya ɗaya, Nima zuwa Alajo da dawowa, kullum abinci daban, lokaci daban. Ina dawowa in yi zane da gawayi a bangon bayan ɗakina. Fura: mugu. Wake, ko da awa biyar ne: mugu. Dokunu yana riƙe mutum, amma yana ja ƙasa. Ciki ba komai yana da daɗi a farko, a ƙarshe sai ido ya yi duhu. Sau biyu na sake amai a bakin gota ta Alajo, ba mai kallo sai awaki, na goge baki na rubuta. Wata biyar ina wannan hauka har bango ya cika. Abin da ya fito a ƙarshe ɗan ƙarami ne har ya ba ni haushi: koko tsararo rabin kofi, masa biyu ba mai, awa huɗu kafin a tashi, sai kurɓin ruwa. Shi ke nan. Saje ya duba agogo wata safiya, ya girgiza shi, ya kara a kunne, ya sake dubawa, ya rungume ni da warin tabarsa. Na koma wajen Malam na tambaye shi ko rubutu yana yiwuwa a cokali ɗaya. Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka fito.

“Ayar ba ta ƙaruwa da yawan ruwa. Ko ɗigo ne, in ka sha da yaƙini, ka sha.”

Saura Mma. Mako guda kafin tankaɗe na biyu na zauna kusa da ita tana tsince wake, na yi mata bayani a hankali, har na ce ta zo ta ga bangon. Ta ce, “Yoo, na ji,” tana murmushi irin na wanda yaro ya gaya wa zai sayi jirgi. Sauran ƙofofin na bi su ɗaya ɗaya na roƙa su ajiye mini sai na dawo. Wasu suka yarda, wasu suka taɓe baki, amma duk suka zuba ido su ga yadda zan yi da babbar.

Ranar, na sha kokona ƙarfe goma da rabi, na ci masa biyu, Malam ya ba ni cokalina. Ina ɗaure jaka sai ga ta, da kwanon nan mai furanni, ta ajiye shi a kan kujera 'yar tsugunne a tsakiyar gida, ta buɗe. Ƙwai uku wannan karon. Ƙamshin ya cika ko'ina. Duk matan gidan suna ƙofofinsu, kowa ta sami abin yi da hannu.

“Zauna ka ci.”

“Mma, na gaya miki. Ba zan ci ba sai na dawo.”

“Loma uku.”

“Ko ɗaya.”

“Tsohon sojan nan ne ya ce abincina ne ya kayar da kai?”

“Ba shi ya ce ba. Ni na gano.”

Kun ji inda na yi wauta. Da na ce likita ne ya hana, da na ce Malam ne, da ta sami wanda za ta zaga ta huce. Amma ni bakina bai san kwana ba, har yau. Ta dube ni tun daga ƙafa har kai.

“Kana wata bakwai, da yatsana nake ɗura maka koko, kana tofarwa ina mayarwa. Ƙafar nan da kake taƙama da ita, a tukunyata aka dafa ta. Yau ni ce guba.”

Ta mayar da murfi, a hankali, ba ta buga ba. Ta shige ɗaki ta saki labule. Na tsaya da jaka a hannu. Wallahi saura kaɗan in zauna in cinye. Na ce a zuciyata, ya Allah, Kai ka san ba raini ba ne. Na fita. Daga wannan rana har ta koma ga Mahaliccinta, Mma ba ta ƙara zuba mini abinci da hannunta ba; sai dai ta ce wa wata, zuba wa Iliyasu. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ba wanda ya taɓa tambayata shi.

Filin bai cika da namu ba kamar bara. Kalangu ɗaya ne ya zo, shi ma ina jin kallo ya kawo shi. Muna jeruwa wani daga sama ya ce, “Cale, abokina, a kawo masa bokiti,” aka yi dariya. Na duba wajen da mayafi kore ya tsaya bara, ba kowa. Bindiga ta tashi. Wannan karon na laɓe, na shiga bayan wani dogon soja daga Tamale na manne masa kamar inuwa. Zagaye huɗu, ina na bakwai. Zagaye shida, na jira wuƙar nan ta haƙarƙari. Ba ta zo ba. Na bakwai, ba ta zo ba. Na ja iska har ƙasa, ta shiga, ta sami wuri, ta zauna. Kai, yarana, ban san yadda zan rubuta muku wannan ba. Jikina duka ya zama abu ɗaya, ba nauyi, ba ƙara, sai tafin ƙafa da numfashi suna amsa wa juna. A na tara, daidai gaban rumfar manya, daidai inda na durƙusa, na fita gefe na wuce mutum biyu a tare. Mai kalangu ya farka. Na goma ina na huɗu, sojan ya riga ya fice gaba, ɗan jami'ar nan yana gabana, ina ganin wuyansa ya fara lanƙwasa. Saje yana bin layi da gudu, tsoho da shi, Hausarsa ta ƙare ya koma Ga. Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, na buɗe abin da na ɓoye. Na wuce ɗan jami'a a kwana, na wuce na biyun a miƙe, na bi sojan nan har ina jin zufarsa tana fantsamo mini. Da taki biyu ya riga ni. Na faɗi a ciyawa na yi sujada, na tashi, na sake yi. Wani mai takarda ya zo ya tambayi sunana ya ce Litinin in kawo kayana sansani. Na sa shi ya maimaita.

A kafaɗa mahauta suka shigo da ni Nima, waɗanda suka zo da waɗanda suka ji a rediyo suka fito suna cewa da ma sun sani. Muka iso gida rana tana faɗuwa. Ina shiga na gan shi. Kwanon yana nan a kan kujerar, a rufe, ba wanda ya taɓa, yini guda cikin zafin Ankara. Mma tana zaune a ƙofarta tana jan carbi, ba ta dubi kowa ba. Hayaniyar ta mutu. Na sauka, na wanke hannu, na tsuguna na buɗe. Ya yi tsami, waken ya fara yauƙi, ƙwan ma ba a magana. Saje ya taɓa kafaɗata ya ce, “Litinin fa.” Na san Litinin. Na yi bisimilla na sa hannu. Ban bar ko ƙwayar shinkafa ba, na suɗe shiton da yatsa, na kife kwanon a gabanta. Sai a lokacin ta ɗago.

“Na nawa ka zo?”

“Na biyu, Mma. Sun ɗauke ni. Zan hau jirgi.”

“Wa ya zo na ɗaya?”

“Wani soja, daga Tamale.”

Ta ɗauki kwanon ta duba cikinsa, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa.

“Shi uwarsa ta ciyar da shi,” ta ce.